Nasiha Ga Samarinmu Kan Itace Da Hayaƙi

'Ya'yana na Kazaure da Roni da Gwiwa, har da ku na Ɓaɓura, ku ba ni aron kunnuwanku. Kullum ina jin kuna kukan zafi, kuna cewa damina ta rikice, ko ruwa ya makara ko ya zo da ambaliya irin ta 2022. Gaskiyarku ne. Manyan ƙasashe masu masana'antu suna da nasu kason laifi, ban musa ba. Amma ku dubi buhunan gawayin da ake jibgewa a bakin hanya, ku faɗa mini daga ina suka fito.

Kirya ce da marke, wani lokaci har ɗorawa da tsamiya. Itacen da kakanka ya tarar a gona, kai ka kayar da shi da hantsi, ka turbuɗe shi a rami yana ta hayaƙi, kuɗin kuma su ƙare kafin kasuwa ta zagayo. Na san gas ya yi tsada, kananzir ya fi ƙarfin talaka, dole a ɗora tukunya. Amma sassabe reshe daban, kashe uwa daban.

Hukuma tana nata ƙoƙarin. Tarayyar Afirka ta amince da shirin gina gandun itatuwa don tare hamada tun 2007, Jigawa kuma tana cikin jihohi 11 da shirin ya shafa a Najeriya. Sai dai mun mayar da dashen itace biki. A kafa rumfa, a dasa darbejiya, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Bayan an watse wa ke kewaye ta da ƙaya? Wa ke ba ta ruwa a bazara? Akuya ce kaɗai ke komawa duba ta.

Ku na Ɓaɓura, Nijar tana bayan ɗakinku. Bayan farin 1984, manoman Maraɗi da Damagaram suka daina tumɓuke tohon da ke fitowa daga kututture. Mutum zai zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi, ya sare sauran, ya yi ta gyara su har su miƙe. Ba sayen iri, ba ban-ruwa, don saiwar tana nan da ranta a ƙasa. Ta haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Gawon da suka raya kuwa kun san halinsa: ya kaɗe ganye da damina don kada ya shaƙe gero, ya bar taki a gindinsa, da rani ya ciyar da dabbobi. Mu da su ƙasa ɗaya, gero ɗaya, to me ya hana mu?

Sai batun ƙona bola. Hunturu ya zo da hazo, ƙirji ya riga ya cushe, ku kuma ku cinna wa leda da taya wuta a tsakiyar unguwa. Tsofaffi da jarirai su ke shaƙa, haka iyayenku mata da ke wuni a gaban murhu. Ku kai shara inda aka tanada, ku buɗe wa madafi taga.

Don Allah, bana in kun shiga sharar gona, duk tohon gawon da kuka tarar ku bar shi tsaye, ku ja kunnen ƙannenku masu kiwo kada su sare shi.