Yoga, fushi da linzamin harshe



Bayan karatun Magariba wani matashi daga Unguwar Rimi ya tare ni: "Malam, tunda na fara yoga na rage zage-zage a gida. Ya halatta?"

Na ce masa yoga daga Indiya ta fito, kuma tana da saiwa a addinin Hindu. Gaisuwar rana da kalmomin da ake maimaitawa, waɗannan ka bar su, tauhidi ba abin wasa ba ne. Amma miƙe gaɓoɓi da jan numfashi a hankali motsa jiki ne. In numfashi ya lafa, bugun zuciya kan sauka, sai harshe ya samu linzami.

Abin kunyar, muna da namu, ba ma yi. A hadisin Abu Zarri da Abu Dawud ya ruwaito, Annabi (SAW) ya umarci mai fushi ya zauna in yana tsaye, in bai huce ba ya kwanta. Ka ga jiki aka fara yi wa magani kafin baki.

Ni kaina, makon jiya a gadar Kawo wani mai keke ya goge min mota. Na fito na tsaya a kansa, na faɗi maganar da ba zan so ɗalibaina su ji ba. Wallahi da na zauna a kujerata minti ɗaya, da ba ta fito ba. Yaron sa'an ɗana ne, bai ce komai ba sai "yi haƙuri Baba". Har yau in na bi ta Kawo ina duba masu keke, ko zan gan shi in nemi afuwarsa.