Alhakin Maƙeri

Wata huɗu na yi a gida, a Kademi, ƙafata ta hagu tana ɗaure bayan haɗarin babur. Likita ya ce kada in ɗora mata nauyi, wurin aiki kuma suka ba ni hutu. Ni da na saba kwana gaban kwamfuta ina rubuta manhaja, sai ga ni a kan tabarma a zaure, ba abin yi sai latsa waya. A nan na ci karo da bidiyon wasu dattawan Amurka da ke haɗa bindiga irin ta da, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Suna sassaƙa itacen da hannu, su goge, su shafa mai, daga baya su tafi fili su gwada saiti a kan takarda. Abin ya burge ni. Na tuna da adakar kakanmu da ke jingine a ɗakin shirgi, wadda gara ta cinye ƙotarta tun ina firamare.

Akwai wani ƙanen mahaifiyata, maƙeri, wanda maƙerarsa ba ta da nisa da gidanmu. Galibin aikinsa fartanya ne da garma da lauje, amma maharba kan kawo masa adaka ya duba. Na dogara sanda na je, na ce, "Kawu, so nake ka koya mini haɗa bindiga." Ya daɗe yana kallona, zuga-zuginsa a hannu. Ya ce, "Ɗan nan, wa za ka harba?" Na yi dariya, na ce gwangwani. Bai yi dariya ba. Ya ce itacen dai zai koya mini, ƙarfen kuwa babu ruwana da shi. Ya ba ni guntun maɗaci da gizago da magagari.

A farko na ɗauka rowar ilimi ce irin ta masu sana'ar gado. Sai da na yi makonni ina zama a wurinsa na gane cewa akwai wata tambaya da shi ya riga ya amsa wa kansa, ni kuwa ban taɓa tsayawa na yi wa kaina ba: idan ka ƙera abu, wani ya ɗauka ya yi ɓarna da shi, nawa ne kasonka a cikin alhakin?

Amsar da na taso da ita mai sauƙi ce. Kayan aiki ba shi da niyya. Wuƙar da mahauci ke fawa da ita, ita ce ɗan daba ke sokewa a ƙugu, kuma ba a taɓa kai maƙerin wuƙa gaban alƙali ba. Ƙasarmu ma ta san ƙira tun fil azal. Labarin da ake bayarwa shi ne maƙeran Gaya, Abagayawa, su suka bi tama har Dutsen Dala suka zauna, kuma daga sunan ɗayansu birnin Kano ya samo suna. Bindiga ita ma ba baƙuwa ba ce. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci shigo da bindigogi a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, ya kuma ce Babba Zaki, da ya hau a 1768, shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Har gobe idan an yi hawan Sallah, ƙarar adaka da hayaƙinta na cikin abin da yara ke ɗoki. To me zai sa mai ƙera irin wannan abu ya ji nauyi a ransa?

Wata ranar da hantsi wani saurayi ya zo maƙerar a kan babur. Ba ɗan garin ba ne. Ya ja Kawu gefe, suka yi magana ƙasa-ƙasa, na dai ji ya ambaci kuɗi masu kauri. So yake a yi masa wadda ke cin harsashin zamani. Kawu ya tambaye shi sunan mahaifinsa, da unguwarsu, da wanda ya turo shi. Saurayin ya yi ta kewaye-kewaye. Kawu ya ce, "Samari, ni fartanya nake yi," ya koma bakin wutarsa. Da mutumin ya tafi na ce, "Kawu, wataƙila fa gonarsa yake son karewa." Ya ce, "Wataƙila. Amma wanda ya ƙi faɗa maka sunan ubansa, ya riga ya faɗa maka wani abu."

Doka ma tana bayan Kawu. Dokar makamai ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta hana ƙera bindiga ba da izinin hukuma ba, kuma adaka na cikin jerin bindigogin da ta lissafa. Sai dai ba tsoron 'yan sanda na gani a fuskarsa ba a ranar. Ya yi tambayoyin ne don ya san hannun da abin zai faɗa, da aka hana shi sani sai ya janye hannunsa.

A daren nan barci ya ƙaurace mini, domin na tuna wani aiki da na yi shekarun baya. Wani kamfanin ba da rance ta waya ya ɗauke ni kwangila. Aikina shi ne in rubuta sashen manhajar da ke kwafe lambobin da ke cikin wayar mai karɓar bashi, da kuma sashen da ke aika saƙo ga mutane da yawa a lokaci guda. Aka ce mini don tunatarwa ne. Ban tambaya ba: tunatar da wa? In mai bashin ake son tunatarwa, me ya kawo lambar surukarsa? Na gama, aka biya ni, na sayi sabuwar kwamfuta. Bayan wasu watanni wata 'yar uwata ta nuna mini saƙon da ya shigo wayarta, ana kiran wata ƙawarta ɓarauniya saboda bashin da bai kai kuɗin buhun masara ba. An aika wa mijinta, an aika wa malaman makarantar 'ya'yanta. Ba ni da tabbacin cewa kamfanin da na yi wa aiki ne. Na dai san yadda ake yin abin, domin ni ma na yi irinsa. A lokacin na lallashi kaina da cewa ni dai umarni na rubuta wa na'ura, ba ni na zagi kowa ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ba ni kaɗai jinya ta taɓa kai wa ga tunanin bindiga ba. Mikhail Kalashnikov sojan tankar yaƙi ne na Tarayyar Sobiyet. An ji masa rauni a 1941, kuma a lokacin jinyarsa ya fara tunanin ƙera wa ƙasarsa makamin da zai fi na Jamusawa. Daga nan aka samu AK-47. Shekaru da dama yana cewa laifin 'yan siyasa ne idan bindigarsa ta faɗa hannun miyagu. Amma kafin rasuwarsa a watan Disamba na 2013, yana da shekara 94, ya rubuta wa shugaban cocin Rasha wasiƙa yana tambaya ko alhakin waɗanda bindigar ta kashe na wuyansa. Bindigar nan ita ce yau a kafaɗar masu tare hanya a dazukan Zamfara da Katsina. Niyyarsa ta kare ƙasa ce, kuma ba na jin ya yi ƙarya. Niyyar dai ba ta bi bindigar zuwa inda ta je ba.

Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna wannan. A mazhabar Malikiyya an hana sayar da inabi ga wanda ka san giya zai yi da shi, an kuma hana sayar da makami ga ɗan fashi ko a lokacin fitina, duk da cewa inabin halal ne, cinikin makami ma halal ne a asali. Abin da hukuncin ya rataya a kai shi ne sani. Wannan ya yi daidai da hankali: ba a tuhumar maƙeri da abin da ba yadda za a yi ya hango. Amma akwai rashin sani iri biyu. Akwai wanda ya bincika bai gano ba, akwai kuma wanda ya ƙi bincike don kada ya gano abin da zai hana shi karɓar kuɗi. Nawa na biyun ne.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa ƙin ƙerawa kullum shi ne tsira. A ƙauyukan da 'yan bindiga suka addaba, adakar maƙerin gari ita ce kaɗai abin da wani magidanci ke da shi tsakanin iyalinsa da masu AK. Maƙerin da ya kore shi bai fita da hannu fes ba. A ɗaya gefen kuma, an sha zargin 'yan sa-kai da kashe waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, da irin waɗannan bindigogi. Kuma a ƙarshen watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, an kashe matafiya 16, mafarauta da ke kan hanyar komawa Kano yin Sallah, bayan an ga adaka a motar da suke ciki. Abin da a wurinmu kayan farauta ne, a idon wasu ya zama hujjar kisa. Saboda haka babu amsa ɗaya da za ta wanke maƙeri sau ɗaya har abada. Kowane mutum da ya tsaya a bakin maƙera, sabuwar tambaya ce.

A nan ne na ga inda Kawu ya fi ni. Shi abu ɗaya yake yi wa mutum ɗaya, kuma zai haɗu da mutumin a kasuwa da masallaci. Abin da nake rubutawa ni, ana kwafarsa sau dubbai cikin daƙiƙa, ya shiga wayoyin mutanen da ba zan taɓa ganin fuskarsu ba. Da ina ɗaukar wannan nisa a matsayin uzuri. Yanzu ina ganin nauyi yake ƙara mini, domin tunda ba zan iya tambayar kowane mai amfani sunan ubansa ba, tilas in yi tambayoyin tun ranar da ake ba ni aikin.

Na gama ƙotar a mako na goma sha ɗaya. Ta ɗan karkace, amma Kawu ya ce ba laifi ga hannun ɗan boko. Shi ya ɗaura mata tsohon ƙarfen kakanmu, wanda tsatsa ta riga ta toshe, kuma muka bar shi a toshe. Tana rataye yanzu a zauren gidanmu. Ban harbi gwangwanin ba.

Na koma bakin aiki bayan ƙafar ta warke. A watan farko aka kawo mini kwangilar manhajar da za ta riƙa nuna inda wayar mutum take ba tare da ya sani ba. Aka ce don iyaye ne masu son kula da 'ya'yansu. Na tambaya ko mai wayar zai ga alama cewa ana bibiyarsa, na tambaya kuma wa zai hana miji sanya wa matarsa. Har yau ba su kira ni ba.