Shiru Ba Shi Ne Lafiya Ba

Masu karatu, ga wata tambaya da ta kamata mu auna tare. Sa'ad da likita ya ba mace magani a kurkuku, domin wa ya ba ta? Domin ta warke, ko kuwa domin masu tsaro su huta?

A shekara ta 1952 likitoci biyu a Faransa, Jean Delay da Pierre Deniker, suka gwada wani magani a kan masu taɓin hankali, ana ce da shi Largactil. Waɗanda suke jin muryoyin da babu su suka sami sauƙi, da yawa kuma suka koma gida. Lalle wannan abin godiya ne. Amma maganin yana kawo barci, da nauyin jiki, da rawar hannu, yakan daskarar da fuska kuma. A kurkukun Ingila har aka yi masa laƙabi, wai kulki na ruwa, gama yana kwantar da mutum ba tare da duka ba.

A ƙasar nan ta Ingila, mata shida suka mutu a kurkukun Styal tsakanin 2002 da 2003. Saboda haka aka sa wata 'yar majalisa, Jean Corston, ta bincika. A 2007 ta ba da rahoto cewa da yawa cikin matan kurkuku sun sha duka da wulakanci tun kafin a kama su, an kuma raba su da 'ya'yansu.

To, uwa wadda take kuka da dare domin ɗanta, mahaukaciya ce? Mun ce a'a. Baƙin ciki dabam, taɓin hankali dabam. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Idan magani ya daskarar da fuskar, wa za a tambaya?

Ba mu ce a hana magani ba. Wadda take da ciwon gaske, hana ta magani zalunci ne. Amma sai likita ya duba ta da kyau, ya gaya mata amfaninsa da illarsa, ya nemi yardarta, ya riƙa komowa yana dubawa. A 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa Ka'idodin Bangkok, suna neman a kula da hankalin kowace fursuna bisa ga bukatarta.

Alƙali ya yanke mata kwanaki ne kaɗai. Bai ba kowa izinin ƙwace mata hankali ba.