Ɗan kowa a bakin ruwan Timiya

Cikin watan Disamba na shekara ta 2005, da aka ba da hutun lakwal, muka ɗauki hanyar Ayar mu goma sha tara, manya goma sha ɗaya da yara takwas. Baba ne ya matsa a yi tafiyar. Tun yana yaro yake ganin mutanen Timiya suna sauka a ƙofar gidansu a Damagaram da raƙumansu, sun kawo gishirin Bilma da dabino, su koma da hatsi. Ya ce shekara da shekaru suna shan ruwan randarmu, bai kamata ya bar duniya bai sha na rijiyarsu ba. Ƙanena, da yake aiki a Agadas a lokacin, ya samo mana katkat biyu da jagora.

Daga Damagaram zuwa Agadas, ta Tanut da Adarbisanat, wajen kilomita 450 ne. Daga Agadas zuwa Timiya kuwa ya ɗan haura 200, amma hanyar duwatsu ce da yashi, sai da ta cinye mana yini guda. Wanda ya tashi a ƙasar gero, inda ido ke tafiya har ya gaji bai ci karo da komi ba, in ya shiga tsakanin baƙaƙen tsaunukan nan sai maganarsa ta ragu. A yankin ne dutsen Bagzan yake, wanda ƙololuwarsa, mai mita 2022, ta fi kowane wuri tsawo a Nijar. Timiya kanta tana kwance a gefen kori, garake na bin ta dama da hagu: lemo, rumman, dabino, alkama, ga raƙumi yana kai da komo yana jan wasaki daga rijiya. A saman gari akwai tsohon barikin Faransawa da ake kira Fort Massu. Muka sauka a wani kampama, muka kwana cikin barguna bibbiyu, don ɗarin can ba irin namu ba ne.

Ba labarin yawon buɗe ido na zo ba mai karatu ba. Abin da ya faru a rana ta biyu ne ya bar mini tambayar da har yau ban gama da ita ba.

Akwai magangarar ruwa ƴar tazara kaɗan daga gari, inda ruwa ke zubowa daga saman dutse ya taru a wani tabki mai sanyi. Can muka kai abincin rana. Iya da Gwaggo suka zauna a masauki saboda ciwon gwiwa, mu manya tara muka tafi da yaran duka. Aka shimfiɗa tabarmi, jagora ya hura gawayi ya ɗora shayi, Kawu ya shiga labarin siyasa, mata suna ɓare lemo. Cikin yaran akwai ɗan farin ƙanena, mai shekara uku da rabi. Babu wanda ya ga lokacin da ya bar tabarma. Babu wanda ya ji ƙara ko kuka. Wani saurayi ɗan garin, da ya zo wucewa, shi muka ga ya yar da sandarsa ya faɗa ruwa da rawaninsa, ya fito da yaron a kafaɗa. Yaron ya yi tari, ya amayo ruwa, ya fashe da kuka. Tsakanin tabarmarmu da bakin tabkin bai kai taki ashirin ba.

Allah ya kiyaye. Amma da hankali ya dawo, sai aka nemi mai laifi, kuma ba a daɗe ana nema ba. Ɗiyata, mai shekara goma sha ɗaya, ita ce babbar mace a cikin yaran. Aka ce mata: “Ke ina kike? Ba ke ce babba ba?” Ta sunkuyar da kai. Ni ubanta, malamin makaranta, ina zaune ban ce uffan ba, domin ni ma a lokacin na ji daɗin an sami inda za a ajiye kayan.

Mun saba cewa ɗa na kowa ne, muna kuma alfahari da maganar, musamman in muna kwatanta kanmu da Turawa, waɗanda a ganinmu kowa ya kulle ƙofa da nasa. Maganar gaskiya ce, na shaida ta a jikina: hannuwan da suka rene ni sun fi goma. To, yaya aka yi ɗan kowa ya kusa halaka a gaban manya tara, waɗanda kowanensu zai iya ba da ransa dominsa?

Na daɗe ina zaton sakaci ne kurum. Daga baya na lura cewa a gida, wannan “kowa” da muke faɗi yana da sunaye. Akwai katanga, akwai zaure da tsoho a cikinsa wanda yaro ba ya wucewa bai gan shi ba, rijiya tana da murfi, Iya tana bakin ƙofar ɗakinta tun safe da carbinta, kuma kowa ya san jikan nan nata ne, a gadonta yake kwana. An raba aikin tun da daɗewa, har an manta an raba shi, shi ya sa muke ɗauka yana yin kansa. Da muka hau dutse, mun tafi da mutanen mun baro katangar. Wadda yaron ke hannunta kuwa tana masauki tana shafa man zafi, kuma bai zo wa kowa a rai ba ya tambaya wa ya gaje ta na yinin.

Sai kuma maganar uwar. Mai karatu ya san al'adarmu game da ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna kulawa da shi a bainar jama'a, balle a gaban surukai. Matar ƙanena ta gaya wa matata daga baya cewa ta ga sa'ad da ya miƙe, zuciyarta ta ce ta bi shi, amma Baba yana zaune, Kawu yana zaune, ga yayyen miji. Ta ce a ranta ai ga mutane nan. Ba na cikin masu yi wa kunya dariya. Ita ce ke sa yaro ya zama na dangi gaba ɗaya, ita ke hana uwa ta mallake shi ta sangarta shi. Sai dai al'adar tana tsaye ne a kan wani alkawarin da ba a furtawa: ke kau da kai, mu za mu duba. Ita ta cika nata ɓangaren. Mu ne muka ci bashin.

Abu na uku shi ne hutun kansa. Me ake nufi da hutu in ba sauke kaya ba? Kowanenmu ya biya kuɗin mota da niyyar ya ajiye nauyin da ke kansa na kwana huɗu. Ni na ajiye allo da alli, ƙanena ya ajiye ofis. Amma yaro ƙarami kaya ne da ba ya ajiyuwa a ƙasa. In wani ya sauke, dole wani ya ɗauka, kuma in ba a faɗi wa ba, yakan gangara ne zuwa ga wanda ba ya iya cewa a'a. A gidajenmu wannan mutumin kusan kullum yarinya ce. Ranar nan ɗiyata ita ma hutu ta zo, tana can tana tsintar duwatsu masu ƙyalli da ƴan'uwanta. Ba wanda ya ce mata ga amana. Sai bayan abu ya ɓaci aka naɗa ta mai tsaro, aka kuma yi mata hukunci a zama ɗaya.

Masana halayyar ɗan Adam sun yi bincike a kan irin wannan. A shekara ta 1964 aka kashe wata mata, Kitty Genovese, a birnin Niyok na Amurka, jarida ta ce mutum 38 sun gani ba su yi komi ba. Daga baya an gano an yi wa labarin ƙarin gishiri, amma ya sa wasu malamai biyu, John Darley da Bibb Latané, suka yi wani gwaji da suka buga a 1968. Suna saka ɗalibi shi kaɗai a ɗaki yana magana da wasu ta na'ura, sai ya ji ɗaya daga cikinsu kamar farfaɗiya ta kama shi. In ɗalibin yana zaton shi kaɗai ke ji, 85 cikin 100 sukan fita neman taimako. In yana zaton akwai wasu huɗu da ke ji tare da shi, sai adadin ya faɗo zuwa 31. Ba mugunta ce ta hana su ba. Kowa yana ɗauka wani ya riga ya tashi.

Amma kada a yi saurin cewa taro annoba ne. A 2019 Richard Philpot da abokan aikinsa suka duba hotunan bidiyo fiye da 200 na faɗace-faɗacen kan titi a Ingila da Holan da Afirka ta Kudu, suka ga cewa a tara cikin goma akwai wanda ya shiga tsakani, kuma yawan jama'a yana ƙara yiwuwar a sami mai shiga. Ni a fahimtata binciken biyu ba su saɓa wa juna ba. Faɗa yana da hayaniya, yana kiran mutane da kansa, a nan sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ruwa kuwa ba ya kira. Yaron da ke nitsewa ba ya samun numfashin da zai yi ihu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum wajen 300,000 ruwa ya ci, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne ƴan ƙasa da shekara biyar. Abin da ke tsare irin wannan yaro shi ne ido guda da ba ya ɗaukewa, kuma ido goma sha takwas da ke leƙowa jefi-jefi ba su kai shi ba.

Malamanmu na zaure sun san matsalar tun kafin a yi na'urar. Sun bambanta farillar da ke kan kowane mutum shi kaɗai da farillar kifaya, wadda in wasu suka yi ta faɗi daga kan saura, kamar sallar gawa ko amsa sallama a cikin taro. Mu almajirai rabin farko muke riƙewa, saboda daɗinsa. Rabin na biyu shi ne: in ba wanda ya yi, laifin ya hau kan duk wanda ya sani kuma yake da iko. Ba a raba shi kashi-kashi kamar gado, a ce kowa ya ɗauki ɗaya bisa tara. Da wannan ma'auni, mu tara ne ke da laifi a Timiya, kowa da nasa cikakke, kuma mutum guda da babu komi a kanta ita ce yarinyar da ba ta balaga ba.

Da daddare Baba ya tara mu. Ya ciro wani jan ƙyalle da yake ɗaure goronsa, ya ce daga gobe wanda ƙyallen nan ke wuyan hannunsa, ƙananan yara uku suna wuyansa. Ba ya shan shayi, ba ya hira, in ya gaji ya miƙa wa wani babba ya ce “ga su nan”, wancan ya ce “na karɓa”. Kawu bai ji daɗi ba. Ya ce: “Yaya, wannan ai gadin soja ne. Yaushe muka fara ƙidaya wa juna kula da ƴaƴanmu? Yau ƙyalle, gobe sai a ce a biya.”

Ban raina maganar Kawu ba, har yanzu ma ban raina ta ba. Akwai abin da ke mutuwa a zumunci in aka mai da shi jadawali. Wanda aka ce masa daga azahar zuwa la'asar ne naka yana iya fahimtar cewa bayan la'asar ba ruwansa, kuma mun ga gidajen da aka yi haka har ɗan wa ya zama baƙo ga ƙane. Kawu yana tsoron ranar da mutum zai ga yaro a bakin rijiya ya duba wuyan hannunsa tukuna. Abin da zan iya ce masa shi ne, saurayin da ya faɗa ruwa ba shi da ƙyalle, bai ma san sunan yaron ba, kuma ƙyallen Baba bai hana kowa yin irin nasa ba. Ya dai hana mu fakewa da juna. A ganina Baba bai kawo baƙon abu ba. Zauren gida da kujerar Iya ya naɗe cikin ƙyalle don su shiga mota. Inda na ba Kawu gaskiya shi ne cewa abin ya dace da bakin dutse da bakin ruwa, kuma gidan da sai an yi haka a tsakar gidansa ya riga ya yi rashi.

Akwai wani amfanin da ban hango ba sai da na gani. Da ƙyallen ya zagayo, Baba da kansa ya ɗaura wa matar ƙanena, ya ce: “Ƴata, karɓi, umurnina ne.” Ranar ce karo na farko da na ga ta riƙe hannun ɗanta a gabanmu, suna tafiya a gefen garka tana nuna masa rumman. Kunyarta ba ta taɓu ba, tunda suruki ne ya sa ta.

Ba mu sake komawa ba. A watan Fabrairu na 2007 tawaye ya ɓarke daga Iferwan, aka dasa nakiyoyi a hanyoyi, baƙi suka ɗauke ƙafa. Bayan an sasanta a 2009 sai ga sace mutane a Arlit a 2010. Baba ya rasu ya sha ruwan rijiyar abokan ubansa. Yaron ya girma, ba ya tuna komi sai sanyi. Ɗiyata kuwa yanzu tana da nata biyu. Da muka je suna a gidanta, na ɗauko labarin Timiya ina dariya, kamar yadda muka saba ba da shi a dangi. Ta bari har na gama, sannan ta ce: “Baba, ni ba faɗan da aka yi mini nake tunawa ba. Na ɗaga kai na dube ka, kai kuma kana duban kofin shayinka.”