Ɗana, Kashe Fitila Kafin Ka Nemi Mafarki



Wani dare bayan sallar Isha'i muna zaune a dakalin ƙofar gida, nan bayan Court Road a Gyaɗi-Gyaɗi, sai wani jikana ya matso ya durƙusa ya ce, "Baba Alhaji, wai da gaske ne mutum yana iya yin mafarki ya kuma san mafarki yake yi, har ya juya shi yadda ya ga dama?" Na ce da gaske ne. Ya ce shi dai ya yi sati biyu yana nema bai dace ba. Na tambaye shi ƙarfe nawa yake kwanciya. Ya sunkuyar da kai ya ce wajen ɗaya, wani lokaci biyu. Na ce fitilar ɗakin fa? Ya ce a kunne yake barin makunnin, don in an kawo wuta hasken ya tashe shi ya sa waya a caji. Na yi dariya na ce masa, "Kai ne ka cike rijiya da ƙasa, sannan ka dawo kana zura guga." Abin da na gaya masa a daren nan shi zan gaya maka, don na lura samari da 'yan mata da yawa sun ɗauko wannan zance daga intanet, kuma sun ɗauko shi ta wutsiya.

Irin wannan mafarki, wanda zan kira mafarkin sane, ba tatsuniya ba ne. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Frederik van Eeden, ya yi rubutu a kansa tun 1913, shi ne ma ya raɗa masa sunan da Turawa ke kiransa da shi. A 1953 wasu masana biyu a Jami'ar Chicago, Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman, suka gano cewa barci yana da wani zango da ƙwayar ido ke kai-kawo a ƙarƙashin fatar ido, kuma yawanci wanda aka tasa a wannan zangon yakan ce mafarki yake yi. A 1975 Keith Hearne, a Jami'ar Hull ta Ingila, ya shirya da wani mutum mai suna Alan Worsley cewa in ya gane yana cikin mafarki ya juya idonsa hagu da dama kamar yadda suka tsara. Mutumin yana barci, na'ura ta kama alamar. Stephen LaBerge ya tabbatar da haka a Jami'ar Stanford ta Amurka 'yan shekaru bayan nan. A 2021 kuwa masu bincike a Amurka da Jamus da Faransa da Holan har lissafi suka yi wa masu barci, irin a cire 6 daga 8, wasu suka amsa daidai da motsin ido ba tare da sun farka ba. Wani nazari na 2016 da ya tattara bincike 34 ya nuna cewa kimanin mutum 55 cikin 100 sun taɓa yin mafarkin sane ko da sau ɗaya ne, 23 cikin 100 kuma suna yin sa aƙalla sau ɗaya a wata. Ka ga ba baiwar wasu keɓantattu ba ce, ba kuma aikin iska ba ne.

To, yanzu ka saurara da kyau, don a nan jikana ya yi ɓatan kai. Barci zango-zango ne, kowane zagaye yana cin kamar minti 90, kuma mai cikakken dare yakan yi zagaye huɗu zuwa shida. Farkon dare na barci mai nauyi ne, wanda ko an buga ƙofa ba ka ji. Mafarkin wannan lokacin ɗan kaɗan ne. Yayin da dare ke tsalawa, zangon motsin ido yana ƙara tsawo, har ya kai rabin awa ko fiye gab da asuba. Ashe ke nan kasuwar mafarki da asuba take cika. A Kano kiran assalatu ba ya nisa da ƙarfe biyar, rani da damina. Wanda ya kwanta ƙarfe ɗaya ya tashi biyar, awa huɗu ya samu, alhali baligi yana buƙatar aƙalla bakwai, ɗan sakandare kuma takwas zuwa goma. Abin da ya yanke ɗin nan, mafi yawansa daga rabon mafarki ya yanke shi.

Ina duhu ya shigo? Allah Ya sanya wa jikin ɗan Adam agogo a cikin ƙwaƙwalwa, kuma haske ne ke saita shi. A bayan ido akwai wasu ƙwayoyin halitta da ba aikin gani suka fi yi ba, aikinsu su shaida wa agogon nan ko rana ce ko dare, kuma sun fi jin farin haske mai shuɗi-shuɗi, irin na fuskar waya da ƙwan lantarkin zamani. In duhu ya shiga, wani ɗan ƙullutu a tsakiyar ƙwaƙwalwa sai ya fara sakin sinadarin melatonin, wanda ke sanar da jiki cewa dare ya yi. In ka haska ido da dare, sai sinadarin ya ja baya, barci ya yi nawa. A 2015 masana a Harvard suka sa mutum 12 karatu kafin kwanciya, wasu darare a allon kwamfuta mai haske, wasu a littafin takarda. A dararen allo sun fi daɗewa kafin barci ya ɗauke su, zangon mafarkinsu ya ragu, da safe kuma suka tashi da kasala. A 2022 ayarin Dakta Phyllis Zee a Jami'ar Northwestern ya kwantar da matasa 20, wasu a ɗaki mai duhu, wasu a ɗaki mai matsakaicin haske. Dare ɗaya kacal, waɗanda suka kwana a haske bugun zuciyarsu bai sauka yadda ya kamata ba, da safe kuma jikinsu ya fi wahala wajen sarrafa sukari. Idonsu a rufe yake, amma fatar ido ba bango ba ce.

Mu da muka tashi da aci-bal-bal da fitilar ƙwai, ba mu san sunan melatonin ba, amma dare yana zuwar mana a kan kari. Ana idar da Isha'i, a ci tuwo, a yi 'yar tatsuniya a farin wata, sai tsohuwa ta hure fitila don kananzir kuɗi ne. Yau ka tsaya a bakin Zaria Road ƙarfe goma sha biyu, daga shataletalen Dangi ka dubi hanyar Unguwa Uku: fitilun titi, fitilun manyan motoci, allunan shaguna, ga ƙwayayen tsaro da kowa ya liƙa a katangarsa. Sola ta shigo, kuma alheri ce, ban musa ba. Amma ta sa ko an ɗauke wuta ƙwan maƙwabci yana leƙo ka ta taga har gari ya waye. Sannan ga babbar fitilar, wato waya, wadda kuke saya da kuɗinku a Farm Centre ku shiga da ita cikin gidan sauro, ku kafe ta kamu ɗaya daga ido. Hausawa suka ce dare mahutar bawa. Ku kun karɓe wa bawan hutunsa.

Kada ka ce kashe fitila koyarwar Bature ce. Ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci a kashe fitilu lokacin kwanciya, a rufe ƙofofi, a rufe abinci da abin sha. Dalilin da aka ambata shi ne ɓera yana iya jan lagwani ya tada gobara, kuma wannan dalili bai tsufa ba a garin da ake barin kyandir a kan akwati, ko kaskon garwashi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Alƙur'ani kuma, a Suratun Naba'i, ya siffanta dare da sutura, barci da hutu. Mai sutura ba ya yaga ta da hannunsa.

Amma kada ka fita daga nan ka ce Baba ya ce in an kashe fitila za a yi mafarkin sane. Duhu ba laya ba ne. Aikinsa shi ne ya tsare maka barci ya kai ƙarshensa, inda dogayen mafarkai suke. Gyaran gona ne, ba shi ne damina ba. Wani abin mamaki ma, LaBerge ɗin nan da haske ya yi amfani: ya ƙera wani takunkumin ido mai ƙananan fitilu, wanda in ya ji ido ya fara motsi sai ya yi walƙiya kaɗan, hasken ya ratsa fatar ido ya shiga mafarkin, mai barci ya gan shi kamar walƙiyar hadari ko fitilar mota, ya tuna ashe barci yake yi. Wannan ya nuna maka abu biyu. Haske yana shiga har cikin mafarki. Kuma ɗan ƙyalli ba ya zama alama sai a inda duhu ya game. A ɗakin da ƙwan lantarki ke ci dare farai, wa zai lura da ƙyaftawar ashana?

Abin da ya fi damuna shi ne dabarun da kuke kwasowa. An gano cewa wanda ya farka bayan awa biyar ko shida sannan ya koma barci ya fi kusa da mafarkin sane. Gaskiya ne. Sai yaro ya ji haka ya saita ƙararrawar waya sau uku a dare, yana datsa barcinsa gunduwa-gunduwa, gobe kuma yana da lacca ko zaman shago. Garin neman gira sai a rasa ido. Yankakken barci da ƙarancinsa suna daga manyan abubuwan da ke janyo dannau. Ka san shi: ka farka, kana ganin ɗaki, amma ko yatsa ba ka iya ɗagawa, kamar an ɗora maka buhu a ƙirji. A zangon mafarki jiki yakan kulle gaɓoɓi don kada ka tashi ka aikata abin da kake gani. In hankali ya riga gaɓoɓi farkawa, shi ne dannau. Yakan saki cikin daƙiƙu ko 'yan mintoci, amma firgicinsa ba abin da za ka je nema da ƙafarka ba ne. Wanda kuma yake fama da damuwa ko wata larurar ƙwaƙwalwa, ya nisanci wasa da barcinsa gaba ɗaya.

Saura magana ɗaya, kuma ita ta fi nauyi a wurina. Hadisi ya zo ta hanyar Abu Huraira cewa mafarki iri uku ne: bushara daga Allah, da tsoratarwa daga Shaiɗan, da abin da mutum ke saƙawa a ransa. Mafarkin da kai ka riƙe linzaminsa, ka ce bari in tashi sama, bari in ga wance, bari in shiga Makka, ka san ajinsa: zancen zuci ne. Kada ka kai shi gaban malami neman fassara, kada ka buɗe littafin da ake jingina wa Ibn Sirin kana laluben ma'anarsa, kada ka yanke aure ko ciniki a kansa, balle ka ce istihararka ce ta fito. Kai ka rubuta wasiƙar, kai ka aika wa kanka. Ka kuma kiyayi ƙarin gishiri in kana ba da labari, domin an yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya ce ya ga mafarkin da bai gani ba. Inda abin yake da amfani ban ɓoye maka ba: mai yawan mugun mafarki, in ya iya gane cewa mafarki ne, tsoron yakan ragu, har wasu likitoci suna koyar da hakan. Sunna ma ta ba ka naka: ka yi tofi sau uku ta hagu, ka nemi tsari, ka juya kwanciya, kada ka ba kowa labari.

Ga abin da nake so ka yi, kuma ba ya cin kuɗi mai yawa. Kafin ka kwanta ka kashe makunnin ɗaki, ko da babu wuta; cajar ka bar ta a jone a falo, in an kawo ta yi aikinta ba sai ta tashe ka ba. Ka ajiye waya awa guda kafin kwanciya. Ka sa wa taga labule mai kauri. Yadi mai duhu daga Kantin Kwari ya wadatar, musamman in kai ma'aikacin jinya ne mai kwanan aiki, mai rama barci da rana. In zafin Afrilu ya kore ku tsakar gida, ka shimfiɗa tabarma inda ƙwan tsaro ba ya dukan fuska. In akwai tsoho mai fita kewaye da dare, ko yaro mai tsoron duhu, a ajiye masa 'yar fitila mai jan haske a ƙasa, can gefe. Ka yi alwala, ka yi addu'o'in kwanciya, ka kwanta ta dama, kuma ka tsare lokaci ɗaya kullum. Da safe ka fita rana ta taɓa ka, domin hasken safiya ne ke ɗaure agogon jiki. In rashin barci ya ɗauki makonni, Asibitin Malam Aminu Kano yana nan kusa da mu. Ka ga likita, kada ka sayi ƙwayar barci a kemis da ka.

Jikan nawa ya ɗauki wata shawara daga ciki ya bar wata, kamar yadda kuka saba. Makunnin dai yana kashewa yanzu, waya kuma tana kwana a ɗakin mahaifiyarsa. Kwanan baya na tambaye shi ko ya samu mafarkin nasa. Ya ce tukuna, amma ya daina makara sallar Asuba. Na ce masa ya riƙe wannan, ta fi wancan tsada.

Allah Ya ba mu barci mai albarka, Ya tashe mu lafiya, Ya yi muku albarka. Wassalamu alaikum.