Gangar Wa'azu da Ma'anar da ke Bayan Lafazi

Duk wanda ya tashi a ƙasar Faskari ko Sabuwa, inda gonakinmu suka yi iyaka da dajin Birnin Gwari, da wuya a ce bai taɓa jin makaho a bakin kasuwa, ko tsohuwa a tsakar gida, suna rera waƙoƙin wa'azi ba, kuma daga cikin waɗanda suka fi shahara akwai Gangar Wa'azu, wadda masana ke jingina wa Malam Muhammadu Na Birnin Gwari, malamin ƙarni na 19. Sai dai da yawa daga cikinmu daɗin amo ya ɗauke mana hankali, mun haddace baitoci, amma ba mu tsaya mun tambayi abin da mawallafin ke nufi ba.

Malamanmu na zaure, waɗanda suka karanta Jauharul Maknun na Shehu Abdurrahman Ahalari, mai littafin nan na tsarki da salla da almajiri ke farawa da shi, sun koyar da cewa magana tana zuwa da haƙiƙa, tana kuma zuwa da majazi, kuma duk inda mai hikima ya yi tashbihi, wajibi ne mai sauraro ya nemi fuskar kamancen ya tsaya a kanta, domin wanda aka kira zaki jaruntakarsa aka yaba, ba a ce yana da wutsiya ba.

To, me ya sa malami, alhali malaman jihadin 1804 sun yi ta tsawatarwa a kan kiɗan sharholiya, zai kira wa'azinsa ganga? Amsar tana gonar gayya. Da sanyin safiya makaɗi ya rataya gangarsa ya tsaya a bakin kunya, samari sun jeru da garemaninsu, amon ya ratsa ƙauye har ya iske wanda ke kwance a ɗaki. Amma ganga, duk zaƙinta, ba ta taɓa ɗaga wa kowa garma ba, wani ya ji ya zabura, wani ya ji ya gyara kwanciya. Fuskar kamancen ke nan: kira ya isa kunnen kowa, hujja ta tsayu, amsawa kuwa ta rage ga mutum, kamar yadda Suratul Balad ta bayyana cewa an nuna wa ɗan Adam hanyoyi biyu.

Haka kuma idan waƙoƙin wa'azi suka zargi duniya, suka siffanta ta da yaudara da saurin gushewa, wasu sukan ɗauka an umurce su da naɗe hannu, su mai da lalaci zuhudu. Wannan gurguwar fahimta ce. Suratul Hadid ta kamanta rayuwa da shuka wadda ta yi kore bayan ruwa, sa'an nan ta yi fatsi-fatsi ta bushe. Manomin da ke kai masararsa kasuwar Sheme ya fi kowa sanin cewa korenta na watan Agusta ba ya kai rani, amma sanin hakan bai taɓa hana shi shuka ba, sai ma ya ƙara masa himmar yin noma a kan kari. Abin zargi shi ne zuciyar da ta ɗauki mai ƙarewa a matsayin mai dawwama, har ta sayar da lahira dominsa.

Wannan bahasi ya shafe mu kai tsaye, domin tun kafin a kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, har zuwa yau, samari da yawa a wannan yanki suna tsaye tsakanin fartanya da bindiga, tsakanin haƙuri da halal kaɗan da gaggawar haram mai yawa. Saboda haka haƙƙi ne a kan malamanmu, a zaure da Islamiyya da wurin tafsiri, su riƙa ɗaukar waɗannan waƙoƙi baiti baiti suna yi musu sharhi kamar yadda suke yi wa littattafan fiƙihu, har yaro ya gane cewa da shi ake, kuma shi za a tambaya ranar hisabi.