Haƙƙin Maƙwabci Idan Maƙwabcin Mashaya Ne

A unguwa ta 12 ta birnin Paris akwai tsohuwar kasuwa mai suna Aligre, inda da yawa daga masu kayan lambu 'yan asalin Aljeriya ne da Maroko da Tunisiya. Taku kaɗan daga teburansu, a titin Théophile Roussel, wata 'yar mashaya take, Le Baron Rouge. Ba wajen manyan masu kuɗi ba ne. Gangunan katako ne jere daga bakin ƙofa, mutum ya zo da kwalbarsa a ɗura masa giyar inabi ya wuce gida, ko ya tsaya ya sha tambulan guda. Ranar Lahadi a lokacin sanyi ɗakin ba ya ɗaukar jama'a, sai su fantsamo bakin titi suna cin kawa a tsaye, ga jakunkunan cefane a ƙafafunsu.

Cefanen nan daga hannun Musulmi aka sayo mafi yawansa. To mai tumatir da ke salloli biyar, wanda kwastomominsa ke tashi daga gabansa su shige wannan ƙofa, mene ne tsakaninsa da ita?

Ɓangare ɗaya ba ya buƙatar dogon nazari. Suratul Ma'ida ta rufe maganar shan giya, bayan Baƙara da Nisa'i sun share fage. Hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito ya haɗa mai tatsa da mai dako da mai sayarwa da mai cin kuɗinta cikin la'ana guda, wani hadisin kuma ya hana zama a teburin da ake zagayawa da ita. Saboda haka ba zai sha ba, ba zai yi aikin zubawa ba, ko da ya rasa wani aikin da ya kai shi albashi.

Ɗaya ɓangaren ne aka fi mantawa. Malaman Malikiyya, waɗanda littattafansu ake karantawa a zaurukan Kano da Damagaram, sun tafi tare da Hanafiyya a kan cewa giyar Kiristan da ke zaune cikin amanar Musulmi dukiyarsa ce, kuma Musulmin da ya zubar masa da ita sai ya biya. Shafi'iyya da Hanbaliyya ba su ga biya ba. Amma a duba lokacin da aka yi wannan hukunci: ƙasa a hannun Musulmi take, alƙali nasu, sarki nasu. Duk da haka suka raba abin da ya haramta gare ka da abin da yake na wani. Idan haka ne a inda kake da iko, ina ga Faransa, inda doka tun 1905 ta raba addini da gwamnati? Ayar maƙwabtaka a Suratun Nisa'i kuwa ta ambaci na kusa da na nesa, ba ta tambayi abin da ke cikin tambulansa ba. Gaisuwa, dubiya, ta'aziyya da riƙe masa mabuɗi idan ya yi tafiya duk suna nan a wuyan mai tumatir.

Faransawa ma suna da tasu tambayar. A wurinsu giyar inabi ta wuce abin sha. Mashayar unguwa ita ce majalisarsu, can ake jin labarin aiki da na gidan haya. Wanda ba ya shiga, labari kan wuce shi. Wannan rashi ne na gaske, Musulmi kuma yana ɗaukarsa da saninsa. Ɓarnar ita ce a mayar da tambulan mizanin zama ɗan ƙasa. A watan Yunin 2010 wasu masu tsattsauran ra'ayi sun shirya taron shan giya da cin naman alade a unguwar Goutte d'Or, ranar Juma'a, dab da inda Musulmi ke salla, har sai da 'yan sanda suka hana. A 2017 kotu ta soke hayar wani kantin halal a garin Colombes, bayan hukumar da ta mallaki ginin ta yi ƙarar cewa ba ya sayar da giya da alade alhali kantin kowa da kowa aka ba shi haya ya buɗe.

Alhali su kansu Faransawa sun daɗe suna ja da baya daga shan giya. A farkon shekarun 1960 matsakaicin giyar inabin da mutum ɗaya ke sha a shekara ya haura lita 100. Yau bai kai rabin haka ba. Sai a 1956 aka hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 14 giya a ɗakin cin abincin makaranta. Dokar Évin ta 1991 ta taƙaita tallarta, hukumar lafiyar ƙasar kuma ta ƙiyasta cewa barasa ta kashe mutum 41,000 a 2015. Wanda ya ce ba ya sha bai zo da baƙon abu ba.

Mai tumatir na Aligre da ke gaishe da mai mashaya kowace safiya, ya auna masa kaya da gaskiya, ya kuma ƙi tsallake bakin ƙofarsa, bai sassauta addininsa ba ko kaɗan. Hukunci biyu ne aka ɗora masa, kuma duka biyun yake bi.